Ranar da Teku Ta Hau Tudu: Dolfin na Tsare, Mahaukaciyar Guguwa, da Haƙƙin da Ke Wuyan Mai Tsarewa



Shugaban wannan zama, ranka ya daɗe. Shehunan malamai da ke kan wannan teburi, Allah ya ƙara basira. Likitocin dabbobi da ma'aikatan gandun daji, iyayenmu mata, 'yan'uwa maza da mata, da ku ɗalibai da na hango wasunku a tsaye a bayan zaure, barkanmu da war haka. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma ga dacewar in tsaya a gaban waɗanda suka fi ni ilmi da shekaru.

Maudu'in da zan yi magana a kai shi ne dolfin, dabbar teku da ake tsarewa a gidajen kallo tana yi wa jama'a wasa: me ake yi da ita idan mahaukaciyar guguwa ta doso gaɓar da aka gina gidan, kuma shin tun asali ya dace a tsare ta? Na san wani a nan yana cewa a ransa, Malam, mu da teku tafiyar yini guda ce a mota, in ma hanya ta yi kyau, ina ruwanmu da dolfin? Tambayar tana kan hanya. Ku ba ni aron kunnuwanku, ba zan sauka ba sai na amsa ta.

Na ɗaya: ita dabbar

Siffarsa ta kifi ce, amma dolfin ba kifi ba ne. Haihuwarsa ake yi, nono yake sha, da huhu yake numfashi ta wata ƙofa da ke tsakar kansa. Dole ya riƙa tasowa saman ruwa yana shaƙar iska, in ya kasa ya nutse ya mutu kamar ni da ku. Mutanen bakin Kwara da Binuwai da suka san ayu sun san irin wannan halitta, ko da yake ba dangi ɗaya ba ne. Saboda numfashinsa da niyya yake yin sa, ko barci ba ya yi gaba ɗaya: rabin ƙwaƙwalwarsa ke hutawa, rabi na gadi. A cikin duhun ruwa kuma da sauti yake gani. Yakan saki wata ƙara, ta bugi abin da ke gabansa, amsa-kuwwar ta dawo masa da labarin girman abin da nisansa.

Irin da aka fi tsarewa shi ne mai guntun baki kamar wuyan kwalba, wanda babbansa kan kai kilo 200 ko fiye. Tun a shekarun 1960 wasu masana biyu, mata da miji, Melba da David Caldwell, suka gano cewa kowane ɗaya yana da fitonsa na kansa wanda 'yan'uwansa ke gane shi da shi. A 2013 wani mai bincike, Jason Bruck, ya nuna cewa dolfin na iya tuna fiton abokin zamansa bayan rabuwar shekara 20. A 2001 kuma Diana Reiss da Lori Marino suka wallafa gwajin da ya nuna yana gane kansa a madubi. A teku yakan yi tafiyar kilomita gommai a yini, cikin ayarin da ke haɗuwa yana rabuwa, kuma ɗa yakan bi uwarsa shekara 3 ko fiye. Wannan ce dabbar da kimanin 3,000 daga cikinta ke zaune a tankunan siminti da shingayen bakin teku a duniya, bisa ƙidayar da wata ƙungiyar kare dabbobi ta fitar a 2019.

Na biyu: ita guguwar

A nan ba zan daɗe ba. Irin wannan guguwa a kan teku mai ɗumi take haɗuwa, kuma a tekun Atlantika lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Abin sha'awa, da yawa daga cikin manyanta daga sararin samaniyarmu ta Afirka ta Yamma suke samo asali: hadarin damina da ke ratsa Sahel ya nufi yamma, ya fita teku ta wajen Senegal, can ya samu ruwan ɗumi ya rikiɗe. Ana auna ƙarfinta daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma mataki na 5 yana farawa daga iskar da ke gudun kilomita 252 a awa.

Sai dai ga gidan da ke bakin gaɓa, ba iskar ce babbar masifa ba. Tumbatsar teku ce. Iskar kan turo ruwan teku gaba ɗayansa ya hau tudu, ɗauke da katako da kwanon rufi da motoci da man fetur da ruwan masai. To, ku dubi taswirar gidajen wasan dolfin: Filorida, gaɓar Meziko ta wajen Cancun, Kyuba, Jamaika, Bahamas, ƙananan tsibiran Karibiyan. A nan suka yi cincirindo, domin nan ne 'yan yawon buɗe ido ke zuwa shan rana. Ɗumin ruwan da ke kawo baƙi, shi ke ciyar da guguwa. Ashe ke nan wanda ya gina gidansa a can ba zai ce ba a gaya masa ba.

Na uku: abin da ya faru a Gulfport

Wannan labari shi ne ƙashin bayan laccata, don haka ku yi haƙuri in baje shi.

A garin Gulfport na jihar Misisifi a Amurka akwai wani gidan kallo mai suna Marine Life Oceanarium, wanda aka buɗe a 1956, a bakin ruwa sosai. A watan Agusta na 2005 yana da dolfin 14. Da aka tabbatar guguwar Katrina ta nufo su, ma'aikatan suka ɗauki 6 suka kai su wuraren ninkaya na wasu otal-otal da ke can cikin gari. Sauran 8 aka bar su a babban tanki, wanda ya tsallake guguwar Camille ta 1969, aka yi zaton wannan ma zai tsallake. Ranar 29 ga Agusta Katrina ta sauka. A wasu sassan gaɓar Misisifi ruwan teku ya tashi sama da mita 8. Ya haye tankin, ya rusa gidan, ya yi awon gaba da dolfin takwas ɗin nan zuwa teku.

Kada mu manta, a wannan guguwa mutum fiye da 1,300 suka rasu, kuma su kansu ma'aikatan gidan wasunsu sun rasa muhallinsu. Duk da haka suka shiga nema, ta jirgin ruwa da ta jirgi mai saukar ungulu. Bayan kusan kwana 12 aka hango su, duka takwas ɗin a haɗe wuri ɗaya, kusa da mashigar tashar jiragen ruwa ta Gulfport. Ba su yi nisa ba. Sun rame, jikinsu duk ƙujewa da yanka. Masu horar da su suka busa usur, suka buga bokitin kifi, sai ga su sun taso suna kewaye jirgin. Aka riƙa ba su kifi da magani a cikinsa, aka shimfiɗa tabarmin roba mai yawo a kan ruwa, aka sa su riƙa hawa kamar yadda suka saba hawa dandamalin wasa. Da haka aka kwashe su kaɗan-kaɗan cikin 'yan kwanaki, da taimakon hukumar kula da teku ta Amurka da sojojin ruwa, aka ajiye su a tankunan wucin gadi. A farkon 2006 aka tura su wani katafaren otal na shaƙatawa mai suna Atlantis a Bahamas. Ku lura da inda aka kai su: wata ƙasar da ita ma kan hanyar guguwa take.

Yanzu ga abin da ya sa labarin ya dame ni. Ɓangarori biyu da ba sa ga maciji da juna, kowanne da wannan labari yake kafa hujja. Masu gidajen kallo suka ce, kun gani? Ga teku a buɗe, babu shinge babu ƙofa, amma dabbobin nan ba su tafi ba, sun tsaya suna jiran mutanensu, da suka ji usur suka zo da gudu. Wace shaida kuke nema ta cewa zaman bai dame su ba? Masu adawa suka ce, a'a, ku sake dubawa. Dabbar da Allah ya halitta mafarauciya, ta yi kwanaki a cikin tekun da ke da kifi amma ta rame, domin wasunsu a tanki aka haife su, mataccen kifi daga hannun mutum kaɗai suka sani. Yunwa ce ta kawo su wurin bokiti.

Wa ya fi gaskiya? Ni dai a ganina ba za mu iya shiga zuciyar dolfin mu auna ƙauna da yunwa ba, kuma mai yiwuwa duka biyun suna nan. Amma akwai abu ɗaya da kowane ɓangare ya yarda da shi ko da bai furta ba: waɗannan dabbobi ba za su iya da kansu ba. An mai da su masu dogaro da mutum. Wanda kuwa ya mai da rai mai dogaro da shi, ya ɗauki nauyin da ba a sauke shi ranar da hadari ya haɗu.

Kafin in wuce, a wannan guguwar dai, babban gidan kallon halittun ruwa na birnin New Orleans gininsa bai rushe ba, amma janareta ya tsaya, injinan tace ruwa da ba da iska suka mutu, mafi yawan kifayensa kimanin 10,000 suka hallaka. Ba sai gini ya faɗi ba. Ɗaukewar wuta kaɗai ta isa.

Na huɗu: hanyoyi uku, kowace da ƙayarta

Mu sa kanmu a matsayin shugaban irin wannan gida. An ce maka nan da kwana uku guguwa za ta iso. Me za ka yi?

Hanya ta farko, ka bar su inda suke, ka ɗaure abin da zai ɗauru, ka tanadi man janareta da ƙanƙarar ajiye kifi, wasu ma'aikata su kwana tare da su. Haka wata cibiyar binciken dolfin da ke Grassy Key a tsibiran kudancin Filorida ta yi lokacin guguwar Irma a Satumban 2017, kuma dabbobinta sun tsira. Amma a wannan guguwar, gidan kallo na Miami Seaquarium ya sha suka kan barin Lolita a tankinta marar rufi. Lolita orka ce, wato babbar yayar dolfin mai launin baƙi da fari. An kama ta a 1970, tankinta kuwa tsawonsa kimanin mita 24 ne, zurfinsa mita 6, kusan daidai da tsawon jikinta. Ina za ta nutsa ta ɓuya in kwanon rufi ya taso? Ta tsira daga Irma, ta mutu a wannan tankin a Agustan 2023, bayan shekara 53 a tsare. A La Paz ta ƙasar Meziko kuwa, a 2003, guguwa ta cika shingen dolfin da shara da gurɓataccen ruwa, wasunsu suka mutu a kwanakin da suka biyo baya.

Hanya ta biyu, ka kwashe su. Ƙasar Kyuba ta yi haka gabanin Irma: ta ɗauki dolfin 6 daga tsibirin Cayo Guillermo a jirgi mai saukar ungulu, an lulluɓe su da jiƙaƙƙun tawul, zuwa Cienfuegos a kudancin ƙasar. Abin a yaba ne. Amma likitocin dabbobi da ke nan sun san ba kamar loda raguna a mota ba ne. Dolfin in ya bar ruwa nauyin jikinsa kan danne huhunsa. Kitsen da ke kare shi daga sanyin teku shi ke dafa shi a waje. Fatarsa in ta bushe tsagewa take, sai ana yayyafa ruwa ana shafa mai ba ƙaƙƙautawa. Kowane ɗaya yana buƙatar mutane da dama su ɗaga shi a shimfiɗa mai ramukan fiffike. In an isa, ruwan wurin ninkaya na otal ba na gishiri ba ne, kuma zama a ruwan daɗi na lalata fatarsa, sai an zuba gishiri buhu-buhu. Duk wannan a daidai lokacin da tituna suka cushe da mutane masu gudun ransu. Ga kuma ƙarin matsala: guguwa ba kullum take ba da wa'adi ba. A Oktoban 2023 guguwar Otis ta tashi daga mai sauƙi zuwa mataki na 5 cikin kusan yini ɗaya kafin ta afka wa Acapulco. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya, to wani lokaci ranar tafiyar ma ba a san ta ba.

Hanya ta uku, ka buɗe shinge su shiga teku. Gulfport ta nuna mana yadda hakan ke ƙarewa. Gaba kura, baya sayaki.

Adalci ya sa in faɗi cewa na cikin teku ma ba su da tabbas. Masu bin diddigin dolfin a arewacin Bahamas sun ruwaito cewa bayan guguwar Frances da Jeanne a 2004, kusan kashi ɗaya bisa uku na waɗanda suka sani ba a sake ganinsu ba. Bayan guguwar Ida a 2021 an samu dolfin da ruwa ya jefa cikin magudana a jihar Luwiziyana. Teku ba aljanna ba ce. Bambancin dai shi ne na teku yana da ƙafar gudu: zai iya nufar ruwa mai zurfi, ko ya dace ko bai dace ba. Na tanki an karɓe masa wannan zaɓi, an riƙe a ofishin manaja.

Na biyar: hujjar masu gidajen

Ba na son in yi musu shari'a a bayan idonsu. Suna cewa yawancin dolfin da ke hannunsu a Amurka da Turai a can aka haife su, kuma gaskiya ne Amurka ta daina kamo irin mai guntun bakin nan daga ruwanta domin nuni tun ƙarshen shekarun 1980. Suna cewa a gidajen da ake kula da kyau dabbobin na daɗewa, suna misali da Nellie, wadda aka haifa a Marineland ta Filorida a 1953 ta rayu shekara 61. Suna cewa da yawa daga abin da muka sani game da jin dolfin da barcinsa da jininsa a tanki aka gano shi, har da gwajin madubin da na ambata ɗazu. Kuma in dolfin ya maƙale a gaɓa ko igiyar masunta ta raunata shi, su ke da likitoci da tankin jinya. Winter, wadda ta rasa wutsiyarta sanadin igiyar tarkon ƙaguwa a 2005 aka yi mata ta roba, da ba don irin wannan gida ba da ba ta yi shekara 16 a duniya ba.

Duk na karɓa. Amma asibitin dabbobi daban, gidan wasa daban, ko da suna cikin harabar guda. Jinyar wadda ta ji rauni ba ta halatta a yi ta hayayyafar lafiyayyu domin baƙi su biya kuɗi su rungume su a ɗauki hoto ba. Shi ɗin nan mai guntun baki ba ya cikin dabbobin da ke gab da ƙarewa, balle a ce adana iri ake yi. Wanda ke gab da ƙarewa, irin dolfin mai doro na gaɓar Afirka ta Yamma, babu shi a tankin kowa, tarun masunta ke cinye shi. Maganar daina kamowa kuma ba ta game duniya ba: a Taiji ta ƙasar Japan har yanzu ana koro ayari zuwa wani lungun teku, a zaɓi masu kyau a sayar wa gidajen kallo, kamar yadda fim ɗin The Cove na 2009 ya fallasa. Tsawon rai kuwa, jama'a, shi kaɗai ne ma'aunin jin daɗi? In haka ne, da ɗan kurkukun da ake ba abinci da magani a kan kari ya fi manomi sa'a.

Ba banza ba ƙasashe ke ja da baya. A Birtaniya gidan wasan dolfin na ƙarshe ya rufe a 1993. Indiya ta hana buɗe su a 2013. Kanada ta yi doka a 2019 da ta hana kamowa da hayayyafarwa. Faransa ta yi tata a 2021.

Na shida: inda na tsaya

Ni ba mai ba da fatawa ba ne, ga malamai nan a zaune za su gyara mini. Amma dukanmu mun tashi da sanin hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa. Ku lura da yadda aka bayyana laifinta: ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Ƙofa biyu aka ba ta, ta rufe duka. A gefe guda kuma malamai sun ciro halaccin ajiye tsuntsu daga labarin yaron nan Abu Umair, ƙanen Anas, da ɗan tsuntsunsa, bisa sharaɗin kulawa da rashin cutarwa. Malaman fiƙihu sun ce ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, in ya gaza hukuma ta tilasta masa ya rabu da ita. Ke nan a wurinmu tsarewa ba haramun ba ce kai tsaye, amma amana ce mai sharaɗi, kuma sharaɗin gwargwadon buƙatar dabbar yake. Buƙatar kanari daban, buƙatar dabbar da ke keta kilomita gommai a yini cikin danginta daban.

Kowane makiyayi ya san in gobara ta tashi a ruga, saniyar da ke ɗaure a turke ita ake fara rugawa a kwance, domin ta sake tana da ƙafafunta. Ma'aunina ke nan. Duk wanda ya ce zai tsare dolfin a gaɓar da guguwa ke bi, a tambaye shi tun kafin a ba shi lasisi: ina za ka kai su, da wace mota, da mutum nawa, cikin awa nawa, kuma ka taɓa gwadawa? In ba shi da amsar duka dabbobinsa, ba rabinsu ba, to ba shi da hurumin riƙe su. A Gulfport amsar 6 aka tanada, alhali 14 ke hannu. Kowa ya ɗaure kura, shi ya san yadda zai kwance ta.

Daga nan matsayina ya fito: a daina kamowa daga teku, a daina hayayyafarwa domin wasa, a bar wannan sana'a ta ƙare da waɗanda ke hannu yanzu. Su kuma waɗanda ke hannu, a nan nake rabuwa da wasu abokaina masu zafin kishin dabbobi, waɗanda ke cewa a buɗe ƙofa kawai. Sakewa tana yiwuwa ga wasu. A Koriya ta Kudu an mai da Jedol da 'yan'uwansa biyu teku kusa da tsibirin Jeju a 2013, suka koma cikin ayarinsu, daga baya har aka ga matan da 'ya'ya. Amma waɗannan a teku aka kama su, shekarunsu a tsare ba su da yawa, kuma an san ayarinsu. Keiko kuwa, orkan fim ɗin Free Willy, an kashe miliyoyin daloli a kansa, aka kai shi Iceland a 1998, ya yi iyo har Norway a 2002, can ya riƙa neman mutane yara na shafa shi, ya mutu a Disamban 2003 bai zama ɗan ayari ba. Wanda aka haifa a tanki, mafi kyawun abin da za a yi masa shi ne a killace masa wani yanki na teku mai faɗi, babu wasa babu haihuwa, ana ciyar da shi har ajalinsa. Irin waɗannan wurare kaɗan ne ƙwarai, suna da tsada, kuma su ma sai an dubi hanyar guguwa kafin a kafa su. Doka ba tare da masauki ba kuwa sabuwar matsala ce: Marineland ta Antibes a Faransa ta rufe a Janairun 2025, watanni suka shuɗe orka biyu da dolfin 12 suna zaune a gidan da babu baƙo, ana ta jayayya kan inda za a kai su.

Na bakwai: ina ruwanmu?

Na yi alkawari, ga cikawa. Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da alheri. A cikin wannan musiba akwai gidan zu na Sanda Kyarimi. Hukumar gidan da kanta ta sanar cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu, ta kuma gargaɗi jama'a cewa ruwa ya kwashi kadoji da macizai zuwa cikin unguwanni. Wannan madatsar ta taɓa yin ambaliya a 1994. Ba na ɗora wa kowa laifi, domin a daren da mutum ke neman inda zai aza 'ya'yansa ba a tambayarsa labarin jimina. Shi ya sa ma tambayar ba ta wannan daren ba ce, ta shekarun da suka gabace shi ce. Gidajen zu namu na Kano da Jos da sauran garuruwa, da gidan tarihi na Yamai mai ajiye namun daji a kusa da kogi, da masu hali da ke ajiye barewa da ɗawisu har da zaki a bayan katanga, wa ke da rubutaccen shiri na ranar ambaliya ko gobara? Wa ya san makullin wane keji za a fara nema? Ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga shi nan a ƙofar gida.

Sannan kuɗinmu na shiga wannan kasuwa. Mutanenmu na zuwa Dubai, suna zuwa Jidda bayan Umara, suna zuwa Masar da Durban, kuma a duk waɗannan wurare akwai wasan dolfin. Otal ɗin Atlantis na Dubai, a 2007, dolfin 28 aka kamo masa daga tsibiran Solomon aka yi jigilarsu a jirgin sama. Alhaji, Hajiya, in yara suka ja rigarku suka ce sai an shiga, ban ce ku yi musu tsawa ba. Amma kafin ku sayi tikiti ku tambayi mai sayarwa daga ina aka samo dabbobin nan. Ku gaya wa yaran cewa wannan lanƙwasar bakin da ke kama da murmushi haka ƙashin muƙamuƙin dolfin yake, ko yana jin daɗi ko yana ciwo ba ta sauyawa. In kuma wata rana wani attajiri ya zo da shawarar gina irin wannan gida a Legas ko Abuja, ya kamata a samu likitocin dabbobi daga cikinku da za su zauna da shi, su yi masa tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, su fara da ta wutar lantarki.

Ranka ya daɗe shugaban taro, na ga takardar da aka miƙo mini, na san lokaci ya yi.  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya yi, mai gyara ya gyara, musamman malaman fiƙihu kan batun sharaɗin tsarewa, da likitocin dabbobi kan batun jigila. Wanda kuma yake ganin na tsananta wa masu gidajen kallo, ko na sassauta musu, shi nake so a fara ba abin magana.